Girman Ƙwaƙwalwa da Koyon Harshe: Abin da ke Ƙarƙashin Kalmar "Daƙiƙi" a Ƙasar Ajekoriya

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan yaro ya shekara biyu ko uku a makaranta bai iya haɗa baƙi ba, da kalma guda akan yanke masa hukunci, watau a ce daƙiƙi ne, ko kuwa a ce ba ya da kai. Daga nan sai uba ya ga gara ya mai da shi gona ko kiwo, in kuwa yarinya ce a ɗora mata talla kafin lokacin aure ya yi. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wannan kalma guda ta lulluɓe al'amura dabam-dabam, waɗanda asalinsu ba ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba, kuma ba a iya rarrabe su sai an gwada yaron da harshen da ƙwaƙwalwarsa ta girma a cikinsa.

An ɗauki Ajekoriya a matsayin misali. Ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, ƙasar gero da wake, kusa da inda noma ke ƙarewa kiwo ya ɗauka. Hausa ce harshen kasuwa da na yawancin gidaje, ga kuma Fulani da Buzaye masu nasu harsuna. A irin wannan wuri abubuwa uku suka haɗu a kan yaro guda: abincin da ya dogara ga damina guda, cututtukan da ke taɓa kai da kunne, da makarantar boko wadda tun zamanin mulkin mallaka take karɓarsa da harshen da bai taɓa ji a tsakar gida ba.

Yadda ƙwaƙwalwa ke girma

Ran da aka haifi jinjiri nauyin ƙwaƙwalwarsa bai wuce giram 350 zuwa 400 ba, ta baligi kuwa takan kai giram 1,300 zuwa 1,400. Kafin a yaye shi ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman da za ta tsaya a kai, kafin ya shiga makaranta kuma ta kai wajen kashi 90. Ƙwayoyin jijiyar da ke cikinta, waɗanda yawansu a baligi ya kai wajen biliyan 86, galibinsu da su ake haihuwar mutum. Ashe ke nan ba yawan ƙwayoyi ke ƙaruwa ba. Abin da ke ƙaruwa shi ne rassan da kowace ƙwaya ke miƙawa, da mahaɗan da take ƙullawa da ƴan'uwanta, da wani farin kitse da ke naɗe zaren jijiya domin saƙo ya yi sauri.

Wani likitan yara a Shikago ta Amurka, Peter Huttenlocher, ya ƙirga waɗannan mahaɗai, ya bayyana sakamakonsa a 1979, ya kuma faɗaɗa shi a 1997. Ya tarar cewa ƙwaƙwalwar yaro takan ƙulla mahaɗai fiye da yadda take bukata, sa'an nan ta riƙa sassabe. Wanda ake aiki da shi ya yi ƙarfi, wanda ba a bi ta kansa ya shuɗe, kamar turbar da aka daina bi ciyawa ta cinye. An kuma tarar ba lokaci ɗaya sassan ke nuna ba: sashen ji da na gani su ke riga, sashen goshi kuwa, mai kula da haƙuri da tsara aiki da kame kai, shi ne na ƙarshe, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Wannan aiki yana da cin abinci ƙwarai. An auna cewa a wajen shekara 4 zuwa 5 ƙwaƙwalwa ita kaɗai tana cinye kusan kashi 2 cikin 3 na ƙarfin da jikin yaro ke ƙonawa yana zaune ba ya motsi.

Kunne kafin baki

Tun 1861 likitan nan na Faransa Paul Broca ya nuna cewa rauni a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa yana hana furta magana, a 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya nuna cewa rauni a wani wuri kusa da kunnen hagu yana hana fahimtarta. To amma waɗannan wurare ba da wani harshe a ciki ake haihuwarsu ba, abin da kunne ya kawo shi suke ɗauka. Ɗan tayi yana fara ji tun watannin ƙarshe na ciki. A 1988 Jacques Mehler da abokan aikinsa suka nuna cewa jarirai ƴan kwana 4 a Faris suna bambanta Faransanci da Rashanci, ta hanyar kari da tashi da faɗuwar murya kawai.

Gwajin da ya fi shafar manazarcin Hausa shi ne na Janet Werker da Richard Tees a Kanada, a 1984. Sun ɗauki jariran gidajen da ake Ingilishi, suka jiyar da su wasu sautuka biyu na wani harshen ƴan asalin yammacin Kanada, sautuka ne ƴan tunkuɗa, ɗayansu kuwa ɗan'uwan ƙ ne na Hausa. Jarirai ƴan wata 6 zuwa 8 sun ji bambancin sarai. Ƴan wata 10 zuwa 12 kuwa galibinsu sun daina ji. Watau kafin yaro ya furta kalmarsa ta farko, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta zaɓi sautukan da za ta kula da su, ta yi watsi da sauran. A 2006 an sami irin wannan game da karin sauti: jariran Ingilishi sun rage kula da shi tsakanin wata 6 da wata 9, na Sinanci kuwa ba su rage ba.

Idan aka dawo da wannan ga jinjirin da ke goye a Ajekoriya, za a ga irin aikin da ya yi kafin ya shekara. Ya koyi cewa kara da ƙara ba ɗaya ba ne, haka daka da ɗaka, haka bari da ɓari. Ya kuma riƙe tsawon wasali, wanda shi ya raba garin da ake zama da garin da ake tuwo, da karin sauti, wanda shi ya raba kukan jariri da kukar miya. Wannan ba ƙaramin ilmi ba ne, Baturen da ya zo koyon Hausa da gemunsa yakan shekara yana fama da shi. Amma wannan kunnen dai bai tanadi wuri ba domin bambancin p da f, ko b da v, ko wasulan hanci na Faransanci. Ba wai ƙofa ta rufe ba ce, yaro yana iya koyonsu daga baya, sai dai da lokaci da yawan ji.

Wajen shekara guda kalmar farko kan fito, wajen shekara biyu a fara haɗa kalma biyu. Yaron da ya ce akuyoyi maimakon awaki ba ɓata ya yi ba, ƙa'idar jam'i ya gano da kansa ya shimfiɗa ta inda manya ba su shimfiɗa ba. Tsamin baki kuwa da ƴar in'ina ta shekara uku galibi sukan wuce da kansu. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne yaron da bai waiwaya in an kira shi ta baya, ko wanda ya kai yaye ba ya da kalma ko guda.

Tunani, da wanda ke auna shi

Jean Piaget na Suwizalan, wanda ya rasu a 1980, ya yi suna da wani gwaji: a zuba ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri, a tambayi yaro ko ruwan ya ƙaru. Ɗan shekara 4 ko 5 yakan ce ya ƙaru, ɗan shekara 7 ko 8 ya ce yana nan yadda yake. Da aka kawo gwajin Afirka sai sakamako ya rarrabu. A 1961 Douglass Price-Williams ya gwada yaran Tibi a Nijeriya da ƙasa da ƴaƴan itace, da harshensu, ya tarar ba su bambanta da yaran Turai ba. A 1966 Patricia Greenfield ta ba da rahoton cewa yaran Wolof na ƙauye a Senegal waɗanda ba su shiga makaranta ba da yawa sun kasa, to amma da aka bar yaro ya zuba ruwan da hannunsa sai amsoshi suka gyaru, domin a da wasunsu sun ɗauka baƙuwar ce ta yi wani siddabaru. Darasin a fili yake. Yarinyar da ke auna gero da tiya a kasuwa, ta san zurfin ƙwarya ba ya ƙara hatsi, tana iya yin shiru gaban baƙo mai kofin gilashi, balle a al'adar da ake koya wa yaro sunkuyar da kai gaban babba. Sau da yawa abin da gwaji ke aunawa shi ne baƙuncin gwajin, ba tunanin yaron ba.

Abubuwan da ke tauye girma

Ba a nufin cewa duk laifin na mai gwaji ne. Akwai abubuwan da ke yi wa ƙwaƙwalwa lahani na gaske, ƙasar Dakoro kuwa ta san su. Bayan fari da farar ɗango na 2004, yunwar 2005 ta fi tsanani a jihar Maraɗi. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, garin Dakoro kuwa yana cikin wuraren da ta buɗe cibiyar jinya. Yaran da suka tsira a lokacin su ne suka cika azuzuwan farko wajen 2010 zuwa 2012. Amma tamowar da ake gani da ido ba ita ce mafi yawa ba. Wadda ta fi yawa ita ce ta ɓoye, mai tsumburar da yaro, binciken abinci na ƙasa kuwa ya sha nuna fiye da rabin yaran jihar Maraɗi ƴan ƙasa da shekara 5 sun gaza tsawon da ya dace da shekarunsu. Lokacin haɗari shi ne kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa shekara biyu, musamman in rurrutsa ta sa an yaye yaro ba shiri, aka bar shi da farau-farau da kunu tsararo. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana rage kuzari da natsuwa, ƙarancin aidin kuwa, wanda alamarsa a manya ita ce maƙoƙo, yana taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi tun a ciki.

Sai cututtuka. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, ya kawo suma da taune-taune, yakan bar tabo. Binciken da aka yi a Kampala ta Yuganda, aka buga a 2008, ya tarar wajen ɗaya cikin 4 na yaran da suka tashi daga irin wannan zazzaɓi suna da raunin tunani ko na natsuwa shekara biyu bayan sun warke. Sanƙarau kuwa, wanda annobarsa ta 1996 ta kashe mutum wajen 25,000 a Afirka, yakan bar ɗaya cikin 5 na waɗanda suka tsira da wata nakasa, kurumta na cikin waɗanda suka fi yawa. An sami sauƙi tun da aka fara allurar MenAfriVac a Nijar a 2010, aka kuma fara rabon maganin riga-kafin zazzaɓi na damina a 2013, amma ciwon kunne mai zubar da mugunya yana nan, shi kuwa ba ya kurumtar da yaro ɗungurungum, rage masa ji kawai yake yi, har ya zamana ba wanda ya lura.

Akwai abin ƙarfafa zuciya a nan. A Kingistan ta Jamaika, a 1986 zuwa 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki tsumburarrun yara 129 ƴan wata 9 zuwa 24. Wasu aka ba su ƙarin abinci, wasu kuwa ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu mako-mako tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta. Bayan shekara 20 aka tarar waɗanda aka yi wa wasa da hira suna samun kuɗin da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100. Magana ma ke nan abinci ce. A gidan Bahaushe kuwa, inda alkunya kan hana uwa sakewa da ɗan fari, kaka da goggo da yayye su ke cike wannan gurbi da tatsuniya da kacici-kacici da wasan reno, saboda haka ma'aikacin da ya je wa'azin reno ya tsaya ga uwa kaɗai ya bar rabin gidan a baya.

Karatu

Magana halitta ce, karatu kuwa ƙirƙira ce. Babu sashen da aka tanada dominsa, aro ƙwaƙwalwa ke yi. Stanislas Dehaene da abokan aikinsa sun nuna a 2010, ta hanyar hoton ƙwaƙwalwar waɗanda suka iya karatu da waɗanda ba su iya ba a Burazil da Fotugal, cewa koyon karatu yana mai da wani ɗan wuri a bayan ɓangaren hagu, wanda aikinsa gane siffofi da fuskoki, ya zama mai gane haruffa, ya kuma ƙulla shi da sassan magana. Wannan wuri ya saba ɗaukar abu da juyinsa a matsayin abu guda, domin tunkiya tunkiya ce ko gabas ta fuskanta ko yamma. Shi ya sa kowane mai fara karatu yakan rikita b da d na ɗan lokaci. Ɗan Bahaushe kuwa huɗu ne a gabansa, b da d da ɓ da ɗ, ga shi kuma da asuba ya karanta allo daga dama, da hantsi ya karanta littafi daga hagu. Wannan rikici shi kaɗai ba alamar ciwo ba ne.

Amma akwai yaran da suke da lafiya, da kaifin hankali, da ji garau, duk da haka karatu ya gagare su. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai hazaƙa a lissafi wanda ya kasa rubuta sunansa daidai, ya kira abin makantar kalma. Yau ana ce masa disleksiya, an kuma gane cewa galibi ba a ido matsalar take ba, wahalar tsinka kalma ce zuwa ƙananan sautukanta, kuma takan bi jini. A 2001 Eraldo Paulesu ya gwada masu wannan matsala a Italiya da Faransa da Ingila. Rauni iri ɗaya ya gani a ƙwaƙwalwarsu, amma ƴan Italiya sun fi iya karatu, domin rubutunsu yana bin furuci. Bincike na 2003 a ƙasashen Turai ya ƙara tabbatar da haka: a ƙarshen shekarar farko, yaran da rubutun harshensu ke bin furuci suna karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomi daidai, na Faransanci suna baya, na Ingilishi kuwa ba su kai rabi ba.

Rubutun Hausa na boko yana cikin masu bin furuci, galibi harafi guda sauti guda, in ban da tsawon wasali da karin sauti da ba a rubutawa. Faransanci kuwa sauti guda na o ana rubuta shi o, ko au, ko eau. Yaron Ajekoriya da aka fara wa karatu da Faransanci kaya uku aka aza masa a tashi ɗaya: sautukan da kunnensa bai tanada ba, kalmomin da bai san ma'anarsu ba, da rubutun da ba ya bin furuci. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu a ƙarshen firamare a Nijar ba su kai ɗaya cikin 10 ba, na 2019 ya nuna sun kai wajen 3 cikin 10. Babu mai hankalin da zai ce sauran duka daƙiƙai ne. Ƙasar kuwa ba baƙuwa ba ce ga wata hanyar: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilmi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a makaranta, a watan Maris na 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Yara huɗu a benci guda

A ƙaddara yara huɗu a aji na uku, duka ba su iya karatu ba, mushe kuwa ya haɗa su a benci na baya. Na farko tamowa da zazzaɓi sun taɓa shi, yana da saurin gajiya da mantuwa ko a aikin gida. Na biyu ba ya ji sosai. Na uku lafiyarsa ƙalau, Faransanci ne bai shiga kunnensa ba. Na huɗu shi ne mai makantar kalma. In an ba su jarrabawa da Faransanci sifiri ɗaya za su ci. In kuwa an gwada su da Hausa, nan take za su rabu.

A tsaya bayan yaro a faɗi kara ko ƙara da murya ƙasa-ƙasa, ya nuna wanda aka ce, a nan na biyu zai bayyana. A ba shi gajeriyar tatsuniya ya maimaita, ko a aike shi da saƙo mai gaɓa uku, a nan za a ga na farko. Sa'an nan a ce ya cire gaɓar farko ta kalma ya faɗi saura, ko ya juya gaɓoɓin, ko ya maimaita kalmar da ba ta da ma'ana amma ginin Hausa gare ta. Na uku zai yi ta yana dariya, domin wannan ai zaurance ne, wasan da yara ke yi a dandali, wanda Ousseina Alidou ta nazarci tsarin sautinsa a harsuna shida na Nijar a 1997. Na huɗu kuwa, wanda ya maimaita tatsuniya tsaf, a nan zai tsaya cak. Malamin allo ma shaida ne, domin ya san almajirin da haddarsa ke gudu amma ya daɗe a babbaƙu da farfaru bai wuce ba.

Sharaɗi guda ya rage, wanda ya rataya a wuyan masana harshe. Hausar Dakoro ta yamma ce. Yaron wurin hita yake cewa, ba fita ba, hwari ba fari ba, ɗiya ba ƴaƴa ba. Gwajin da aka tsara da Kananci zai lissafa masa waɗannan a kuskure, a sake maimaita da Hausa zaluncin da aka yi masa da Faransanci. Haka ɗan Bafillace ko na Buzu da ke benci ɗaya da shi, wanda Hausa harshensa na biyu ce, sai an gwada shi da Fulatanci ko Tamajak kafin a ce wani abu game da kansa. Jerin kalmomin gwaji na ƙasar Ajekoriya, saboda haka, daga bakin yaran Ajekoriya ya kamata a tattaro shi, a gwada shi a kan yara masu yawa na kowace shekara har a san abin da ɗan shekara 6 ko 7 na wurin ya saba iyawa, kafin a miƙa shi ga mushe da ma'aikacin lafiya.